Saura Kan Mutum Ɗaya

A layin kantin magani, wani mai sabon aski yana rungume da kwalabe huɗu. Dattijon da ke bayansa ya leƙo.

"Maganin ƙwarƙwata har huɗu? Kai da ko gashi ɗaya babu a kanka?"

"Baba, karo na uku ke nan. Mun aske yara, mun tafasa zannuwan gado, katifa kullum tana rana. Jiya har kyanwa muka yi wa wanka."

"Suka dawo?"

"Kamar an aika musu gayyata."

"To, akwai kan da kuka tsallake."

Mai sabon askin ya waiga, ya rage murya. "Mahaifiyata ce ta zo mana."

"Tana susa?"

"Da bayan cokali. Amma wa zai ce mata ta cire ɗankwali a duba? Ni? Ko matata, da ko ido ba ta iya haɗawa da ita?"

"Yanzu mece ce dabara?"

"Gobe za mu sake fentin ɗakuna."

"Fenti? Ɗana, ƙwarƙwata ba ta zama a bango."

"Na sani, Baba. Tsohuwa ce ta ce daga bango suke fitowa."