An ƙona takardar Baba, amma lissafin yana kaina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, ina noman shinkafa a fadamar Kirikasamma.

Marigayi mahaifina ya bar mini wata takarda da ya rubuta da ajami, mai ɗauke da taurari ashirin da takwas, masaukan wata, da lokacin shigar kowanne. Da ita muke sanin lokacin shuka da lokacin da kogi ya saba cika.

Bana na ce wa maƙwabtan gonata mu ɗaga jingar da ke tare mana ruwa kafin tauraruwar Jabha, ɗaya daga cikin na takardar, ta shiga. Ƙanena Sale ya ji, ya zo gidana ya ce, "Yaya, wannan bokanci ne, kina jawo mana zagi." Na ce, "Ban taɓa cewa tauraro na saukar da ruwa ba. Allah ke saukarwa, ni kwanaki nake ƙirgawa." Ina kasuwa ya ɗauki takardar ya cusa a murhu.

Na yi kuka, don rubutun hannun Baba ne. Washegari na fita da 'ya'yana mata muka ɗaga jingarmu, kuma da kogi ya cika shinkafarmu ta tsira.

Sale, na san kana saurare. Sunayen nan na haddace su, yanzu haka 'yata Maryam tana rubuta su da boko. Malamai, ku gaya mana gaskiya: ƙirga kwanakin damina laifi ne? Ina gaida matan fadamarmu.