Motar Da Ke Hawa Tudunmu Da Baya

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Fada, limamin cocinmu, dattawan garinmu Grotão, masu alfadarai da manoman kofi, iyaye mata da kuka baro tukwane a kan wuta, da ku samarin da kuka cika taga don ku ji tsohuwa za ta yi faɗa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni dama, ni Etelvina ungozoma, wadda rabin mutanen ɗakin nan ta hannunta suka iso duniya. Mun taru ne a kan takardar da Seu Anacleto, shugaban masu alfadarai, ya kawo, yana neman a hana motar Belarmino mai cuku hawa tudunmu. Yau za ku ɗaga hannu, ni kuwa na zo in roƙe ku kada ku hana.

Na farko, maganar hawa da baya. Gaskiya ne, da baya take hawa, ni ma ranar farko na yi dariya har da hawaye. Amma na tambaya, Belarmino ya nuna mini. Tankin mai yana ƙarƙashin kujera, mai kuwa gangara kawai yake bi kamar ruwa. In ta tunkari tudu da gaba, inji ya fi tanki bisa, mai ba ya isa, sai ta mutu. In aka juya ta, sai mai ya gangaro, ta haye abinta. Iyakar sirrin ke nan. Amma sai aka baza a kasuwa wai abin da ya zo gidan mai ciki da baya zai sa jariri ya fito da ƙafa. A watan jiya, da Belarmino ya kai ni wani gida a motar, wata tsohuwa ta tare mu a ƙofa da tsintsiya, matar ɗanta tana ciki tana naƙuda, ta ce, "Ku koma ku zo da gaba kamar mutanen kirki." Na ce, "Iya, shekara talatin ina juya 'ya'yan da suka zo da ƙafa. A lokacin wace mota ce ta juya su?" Na kawar da tsintsiyar na shiga. Da kai yaron ya fito, yana nan yana hana su sakat.

Na biyu, ku dubi abin da take yi mana kullum. Wannan ba motar masu manyan gonaki ba ce, mai cuku ne ya iya sayenta, kuma in ta lalace da waya da filaya yake tashe ta. Ita ke kai cukunmu tashar jirgin ƙasa kafin rana ta ɓata shi. Ita ake ɗage wa ƙafar baya da kaka, a sa bel, ta niƙa mana masara. Ita ke kai Fada wurin majinyaci yana da sauran numfashi. An ce tana firgita alfadarai. Tana firgita su, ban musa ba, ta sa buhu biyu na Seu Anacleto sun faɗa rafi. To, a kafa mata doka: ta yi ƙara a kowace kwana, ta tsaya cak in ta hangi ayari. Alfadari ba zai rasa aiki ba, akwai hanyoyin da taya ba za ta taɓa takawa ba.

Na uku shi ne mai nauyi. Anacleto, ɗan'uwana, ka yafe mini, zan faɗi abin da ni da kai muka sani. Shekara shida da suka wuce ka sauko da rana tsaka ka ɗauke ni domin matarka Zulmira tana naƙuda. Ka ba ni alfadarar da ta fi kowace sauri, kai kana gudu a ƙasa a gefenta. Awa huɗu muka yi daga ƙofata zuwa gidanka na bisa tudu. Ba laifinka ba ne, ba laifin dabbar ba ne. Mun tarar mata sun riga sun lulluɓe ta. Har yau in na bi ta wajen, zuciyata ciwo take. Motar nan kuwa, da bayan nata, da tarin nata, minti arba'in take yi. Da agogon Fada na duba.

'Yarka Ondina, wadda ni na yanke wa cibiya, tana wata takwas da cikin fari, a wannan gidan dai na bisa tudu. Ran Lahadi ta ja ni gefe a bakin coci ta ce, "Dona Etelvina, in lokacina ya yi, a kan me za ki zo?" Na ce ta bari sai an tashi daga taron nan.

Zan je, jama'a. Ko a kan me, ko da rarrafe, zan je. Amma ko awa huɗu za ta jira ni ko minti arba'in, wannan ku za ku yanke yanzu. In shugaba ya ce a ɗaga hannu, hannun ubanta zan fara dubawa.

Allah ya ji ƙan Zulmira. Allah ya sauki Ondina lafiya, da ita da duk mai ciki a tudun nan. Allah ya tsare alfadaranmu, ya albarkaci kofinmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.