Gam Ɗina Ne, Ba Man Malam Sani Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni bakanike ne a Gwarzo. Surukina ya kawo ƙaramar motarsa na gyara kan injin. Sabon gasket, wato abin da ke hana kan injin yoyo, ya yi tsada, sai na mayar da tsohon, na lafta masa gam. Bai kai Kabo ba kamshaf, wani ƙarfe mai juyawa a cikin injin, ya cije.

A gaban jama'a na rantse cewa Malam Sani mai baƙin mai ne ya sayar mana da gurɓatacce. Da na kwance injin, ashe gam ɗina ne ya toshe hanyar mai. Na ja bakina na yi shiru.

Sati uku ke nan direbobi sun ƙaurace wa teburinsa, amma kullum sai ya gaishe ni. Malam Sani, na san rediyonka a kunne take. Don Allah ka yafe min.