Abin Da Ake Kira Wasan Mota

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya.

Na saurari muhawararku kan ko ya dace ƙasarmu ta karɓi baƙuncin babbar gasar tseren motoci. Ban yi niyyar tsoma baki ba, sai da wani mai kira ya ce cikin raha, "Ai yaranmu gwanaye na! Ku diba yadda suka juya mota wurin buki." Kowa a ɗakin shirin ya yi dariya. Ni kuwa na kasa gaskata kunnena.

Ɗana Bashir, ɗalibin aikin jinya, yana tsaye bakin titi a unguwar Gidan Igwai lokacin da abokan wani ango suka fara wannan juyin. Mota ɗaya ta ƙwace, ta same shi. An kira motar asibiti, ba ta zo ba. Wajen ta'aziyya an yi ta ce mini, "Alhaji, haƙuri, wasa ne ya zo da ƙaddara."

Na karɓi ƙaddara. Kalmar wasa ce na kasa karɓa. Ina roƙon masana su amsa mini: ƙasar da ba ta iya kai ɗauki ga mutum ɗaya a bakin titi, da wane shiri za ta gayyato duniya a yi gudu?

A ƙarshe, ina gaida mai keke napep ɗin da ya ɗauke shi zuwa asibiti. Ban samu tambayar sunansa ba. Idan yana sauraro, ya kwantar da hankalinsa. Likita ya ce ba jinkirinsa ba ne.

Naku,
Mahaifin Bashir, Sakkwato