Giwar Kabarin Kakanmu

"Gwaggo, baƙi kawai zan nuna wa, da an tashi biki zan mayar da ita." Mai gabatarwa, barka da aiki, daga Zuru nake. Wannan alkawarin ɗan ƙanena ne, mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido.

A al'adar ƙabilarmu ta Lelna, mata ke gina siffar yumɓu a ɗora kan kabarin dattijo. Ta kakanmu giwa ce mai guntun kunne. Bara yaron nan ya durƙusa ya are ta. Damina ta wuce, giwa shiru, wai tana wurin gyara. Yumɓun da ya girmi ubansa, ciwon me yake yi?

Jiya 'yata ta nuna mini hoton giwar a waya, cikin gilashi a wani otal na ƙasar waje, da guntun kunnenta. Kabari kuwa ciyawa ta cinye shi, jikoki ba sa gane shi, tsohuwar da ta iya ginin kuma ta rasu.

Kai yaro, na san kana ji. Kafin a gama yankan dawa, giwa ta koma mazauninta. In ba haka ba, zan tara dangi a bakin kabarin ka yi wa kakanmu bayani da bakinka, sannan in aiko sunanka a karanta a shirin nan.