Zabuwar Jarabawa

A tashar motocin haya na trotro ta Nima, Mma Zelia tana zaune rungume da kwano, 'yarta Hidaya tana gefe tana karatu. Ƙamshin kwanon ya hana wani dattijo da ke kusa da su sakat.

"Hajiya, biki za ku?"

"Jarabawa, Malam. Yarinyar nan ke neman sakandaren masu ƙwaƙwalwa. Zabuwa na soya wa malaman."

"Subhanallahi! Cin hanci da sassafe?"

"Wane cin hanci? Takardarsu ta ce sai yara masu gif. Gif ba kyauta ba ce?"

Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau. "Giftid aka rubuta, Hajiya. Baiwa ke nan, kyautar da Allah ya zuba a ka, ba a kwano ba. Wa ya fassara miki?"

"Ita mana. Har ta ce malaman sun fi son ta da yaji sosai."

Sai Mma Zelia ta juya a hankali ta dubi 'yarta. Hidaya ta ɗaga littafi ta rufe fuska.

Dattijon ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ku hau mota, Hajiya. Wannan ta riga ta ci jarabawa. Saura zabuwa."