Gishirin Maƙwabta

A bakin titi wata tsohuwa ta tare mai gyaran famfo, tana neman gidan da ta zauna da marigayi mijinta.

"Ɗana, da layi ɗaya ne, gidaje iri ɗaya, bayansu daji. Yanzu na kasa ganewa."

"Babu wata alama, Mama?"

"Ina alama? Shi kansa maigidan ya taɓa faɗawa falon maƙwabta, ya cinye abincinsu yana faɗan gishiri ya yi yawa."

Mai famfo ya kwashe da dariya.

"Mijinki ne? Har gobe tsohuwata cewa take gishirinta daidai ne. Taho, katangarmu ɗaya."

Ta bi shi, tana dariya tana share ido.

"Mu je. Amma shi fa bai taɓa ƙarya ba."